Ƙuman Ruwa da Lambatun Bayan Shagona

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka lafiya, kin sami ɗaki mai ruwa da wuta, kin kuma faɗa hannun mutanen kirki. Allah Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda za ki zauna, Ya shiga tsakaninki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Innarki tana gaishe ki. Ita na ba wa takardar ta cusa miki a jaka, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don tun da aka sa ranar tafiyarki ba ta da aiki sai ƙulle-ƙulle, sai ka ce garin da za ki ba a taɓa kaɗa miya a cikinsa ba.

Kin san halina. In na zaunar da ke zan yi miki magana mai nauyi, kafin in kai tsakiya na ɓige da tsokana, ki yi dariya in yi dariya, maganar ta bi iska. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da rabona da dogon rubutu tun ina sakandare. In kin ga hannun ya karkace, ki yi haƙuri da tsoho.

Ga abin da ya sa na rubuto. Innarki ta faɗa mini maganar da kuka yi kuna tsintar shinkafa. Kin ce malaman can sun ɗauke ki karatun digiri na biyu ne saboda binciken da kika yi a kan ƙananan halittun ruwa, kuma suna so ki faɗaɗa shi a buga, kowa ya karanta. Kin ce in lokacin ya zo za ki ɓoye sunan wurin da kika ɗebo ruwan da ya fi yi musu illa. Za ki rubuta "wata magudanar ruwa a cikin gari", ba za ki ce lambatun bayan layin masu sayar da magani na Sabon Gari ba ne, wato bayan shagon ubanki. Dalilinki shi ne kina tsoron abokan kasuwancina su juya mini baya. Kada ki ga laifin Innarki da ta kawo mini. Ko gishiri ta ƙara a miya sai ta faɗa mini, balle wannan. Uwata, sunan mahaifiyata kika ci, don haka ko kin zama farfesa haka zan riƙa kiran ki. A kan wannan magana ban yarda ba, kuma ina so ki ji dalilina tun daga tushe.

Bari in fara da wautar da na tafka a kanki ke kanki. Ranar da jami'a ta ba ki ilimin halittu maimakon karatun haɗa magunguna da na ci wa buri, na yi kwanaki ina kumbure-kumbure a gida. Ni a lissafina, ki fito da takardar famasi, mu rataya ta a shago, in miƙe ƙafa in huta. Har wurin wani na je da aka ce ya san wani, ko za a canja miki, Allah Ya taimake ki bai tsinana komai ba. In mutane a masallaci suka tambaye ni me kike karanta, sai in ce "kimiyya", in yi sauri in sa takalmi. A gida kuwa na laƙaba miki sarauniyar ƙwari, ƙannenki suka cafe. Kina dariya, amma na san dariyar ba ta kai ciki ba. Duk shekarun nan ban taɓa zaunar da ke na tambaye ki me ake koya muku ba. Na auna karatunki da abin da za a rataya a bango, ban ga komai ba, sai na yanke cewa babu komai.

To, a can za ki haɗu da irina da yawa, wasu ma da manyan takardu a hammata. Za su tambaye ki me za a ci da ƙwarin ruwa. Kada ki ɓata yawunki, kada kuma ki riƙe su a zuci. Ki yi musu abin da kika yi mini, ki bar su su gama surutunsu, sannan ki ce su zo su leƙa.

Kin tuna kwalaben da kika jera a tagar ɗakinki a shekararki ta ƙarshe? Na zuma da na man gyaɗa, duk kika wanke kika cika da ruwa, kika manna wa kowace 'yar takarda. Innarki ta ɗauka ƙazanta ce, ta suri ɗaya za ta watsa wa agwagi, kika fito da gudu kina ihu kamar an ɗauke miki jariri. Ranar na fara ɗaga kwalbar na duba a hasken rana. Na ga wasu ɗige-ɗige, ba su kai ƙwayar gero ba, suna ta tsalle-tsalle a cikin ruwan. Kika ce ƙuman ruwa ake ce musu saboda tsallen, amma ba sa cizon kowa. Na ce to madalla, ga abin da aka yi shekaru ana sammako dominsa.

Ba ki ƙyale ni ba sai da kika ja ni ɗakin gwaje-gwajenku wata Asabar da hantsi. Na sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, don kada malamanki su raina ni. Kika ɗiga ruwa a kan ɗan gilashi, kika sa a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu, kika ce, "Baba, rufe ido ɗaya ka leƙa." Na leƙa. Uwata, na yi shekaru ina sayar da maganin zuciya da na hawan jini, amma ban taɓa ganin zuciya tana bugawa ba sai ranar. Jikin halittar garau yake, ana ganin komai na ciki. Ga baƙin ido guda ɗaya, ga hannuwa masu rassa tana iyo da su, ga hanjinta kore shar saboda abin da ta ci, ga 'yar zuciya tana ta harbawa da sauri. A bayanta kuma ga ƙwai a jere, ta goya su yadda matanmu ke goyo. Ban san sanda na ce "Subhanallah" da ƙarfi ba, har wata ɗaliba da ke gefe ta tuntsire da dariya.

Kika yi mini bayani cewa su ne ke tace ruwa, suna cinye gansakukar da ke mayar da tafki kore. 'Ya'yan kifi kuma da su suke tashi. In babu su, yunwa ce ke kashe kifi tun yana ɗan tsito, masunci ya jefa taru ya jawo ruwa zalla. Na ce ashe ma'aikata ne. Kika ce, "Ma'aikata ne, Baba, sai dai ba albashi."

Sai kika canja gilashi. Wannan ta biyun irin ta farkon ce sak, amma zuciyarta ta buga, ta dakata, ta sake bugawa da ƙyar. Bayanta fayau, ba ƙwai ko ɗaya. Kika nuna mini kwalbar da ta fito daga ciki, 'yan uwanta duk sun kwanta a ƙasa, sai an girgiza kwalbar kafin su motsa. Na ce, "Wannan kuma me ya same ta?" Kika hau gyara wani abin da ba ya buƙatar gyara. Can kika ce, "A ruwa mai kyau aka haife su duka, Baba. Waɗannan na gauraya musu da ruwan lambatun bayan shagonmu ne. An gwada ruwan, an sami ragowar magunguna a ciki."

Ke kin taso kin ga muna zubarwa, amma ba ki san inda abin ya samo asali ba, kuma ina so ki sani don kada ki rubuta mu a matsayin miyagu. Kawuna Alhaji Modu, wanda ya taso daga Borno ya kafa shagon nan, shi ya koya mini sana'a. A da, in magani ya yi esfaya, wato wa'adinsa ya cika, katan-katan ake ɗauka a kai bola. Wata rana Kawu ya raka baƙo tasha, sai ya ga wani mai talla da tire cike da maganin tarin yara. Ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ga alamar jan biro da shi da hannunsa yake yi wa kayan da zai yar. An goge kwanan watan, an buga sabo, za a kai ƙauye a ɗura wa 'ya'yan mutane. Ya dawo shago. Daga ranar ya kafa doka, mataccen magani ba ya fita daga shagonsa a cikin kwalbarsa. A buɗe kowace a tsiyaye a lambatu, a ɓare ƙwayoyi da kafso a jiƙa a bokiti su narke, a fasa kwalaben allura.

Sannu a hankali duk masu mutunci a layin suka ɗauka. Mukan tara kayan har farkon damina, mu jira ranar da hadari ya haɗu sosai, don ruwan sama ya kwashe ya yi rafin Jakara da shi. Kuma ba a ɓoye muke yi ba. A bainar jama'a muke yi, da gangan, don duk mai wucewa ya shaida wannan shagon ba ya sayar da mataccen magani. Lambatu ya koma ja, ya koma ruwan ɗorawa, layi ya gauraye da ƙamshin alewa. Ni da maƙwabcina Oga Chukwudi, wanda kike ce wa Baba Chukwudi tun ba ki iya faɗin sunan daidai ba, har gasa muke yi, kowa na ɗaga bokitinsa ɗan uwansa ya gani. A layinmu, a ce wane ba ya zubarwa zagi ne. Da wannan na yi suna, Uwata. Da shi masu kemis na ƙauyuka suka amince da ni, suke aiko da saƙo ba tare da sun zo sun duba kaya ba. Har gobe ina alfahari da niyyar da muka yi abin da ita, kuma ba zan yarda a taɓa mini Kawu Modu ba, Allah Ya jiƙansa. Abin da bai sani ba, bai sani ba ne. Mu duka tunaninmu a bakin lambatu ya tsaya, inda ruwan ya nufa bayan ya sha kwana ba wanda ya taɓa tambaya.

Abin da zan ce miki a nan shi ne, in kin tarar da mutane suna wata al'ada da kika ga kuskure ce, ki fara tambayar me ya kawo ta. Sau da yawa za ki tarar wata ɓarna suke gudu. In ba ki san abin da suke gudu ba, duk gyaran da kika kawo za su ji kamar kina tura su ne su koma ga abin da suka baro, kuma ba za su saurare ki ba.

Muka hau adaidaita muka baro makarantarku. Da muka iso gida na buɗe miki wuta, a gaban ƙannenki, a kan abin da idona ya gani. Na ce wa ya aike ki bayan shagona? Na ce garin nan kowa na zuba ƙazantarsa a Jakara, masu rini, mahauta, masu wankin mota, don me sai namu? Har fiƙihu na jawo. Na ce malamai sun karantar da mu cewa ruwa mai yawa, in launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su canja ba, mai tsarki ne, kuma namu kafin ya yi nisa ruwan sama ya shanye shi, ba launi ba wari.

Kika bari na gama, kina durƙushe, kanki a ƙasa. Sannan kika ce, "Baba, wannan hukuncin alwala ne. Su ba alwala suke yi da ruwan ba. A ciki suke kwana, shi suke sha, da shi suke numfashi."

Na ce, "Ai ɗan kaɗan ne ke isa gare su."

Kika ce, "Kai ka koya mini jariri ba ya shan awon babba. In mace ta zo sayen magani, sai ka tambaye ta shekarun yaron kafin ka ce rabin cokali ko ɗigo. To wanda bai kai ƙwayar gero ba, nawa ne awonsa?"

Na zura takalmi na fita, amma tun kafin in kai bakin titi na san kin kayar da ni, kuma da makamina. Wallahi ina tafe ina huci, ina kuma jin wani daɗi yana taso mini daga ciki, ina cewa a raina, wannan fa ni na haife ta. Tsiren da na dawo da shi ranar, na ajiye na ce na kowa da kowa ne, ai ke na saya wa, baki ne ya yi mini nauyi.

Ki riƙe wannan halin da hannu biyu. Ba ki ɗaga mini murya ba, ba ki jefe ni da Turanci ba, kika ɗauko abin da na sani kika auna mini abin da ban sani ba. Ni kuma ki ɗauki darasi daga rashin kyautawata. In wani na ƙasa da ke, ɗalibi ko mai share muku ɗakin gwaji, ya nuna miki kin yi kuskure, jininki zai hau, haka ɗan Adam yake. Ki fita ki sha iska in ya zama dole, amma ki dawo ki ce masa ya yi gaskiya da bakinki. Kada ki yi irin tawa, ki aika tsire ya yi miki magana.

Bayan ƙura ta lafa, ke da kanki kika zo kika ba ni mafita, ni kuwa na rungume ta da wuri. Kika ce ba shaguna kaɗai ba ne. Maganin da mutum ya sha, wani ɓangarensa yana fita a fitsari ya bi kwata. Masu gidan kaji suna zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan shan kajinsu, su wanke kwanukan a waje. Uwa ta ga ragowar sirof ya daɗe a kan taga, ta tsiyaye a makwarara. Kika ce kowane magani da irin tasa ɓarnar. Na tsutsar ciki ko ɗan mitsitsi ne yana kashe su. Na ciwon jiki yana rage musu haihuwa. Na kashe ƙwayoyin cuta yana taɓa abincinsu da abin da ke cikin hanjinsu. Na kwantar da hankali yana canja musu iyo, su daina ɓuya, kifi ya same su a sauƙaƙe ya cinye iri. Ni duk wannan ban ji ba, abu ɗaya na ji, ba mu kaɗai ba ne. Na ce, "To kin gani!" Kika ce, "Na gani, Baba. Na fitsari ba mu da yadda za mu yi da shi yau. Na bokiti kuwa hannu ne ke ɗaga shi." Na yi makonni ina laɓewa a bayan "ba mu kaɗai ba ne", kuma na gaya miki wuri ne mai daɗin laɓewa, mutum zai iya tsufa a wurin.

Wata Lahadi da kasuwa ba cika, na hau babur ɗin ƙaninki na bi ruwan, ni kaɗai, in ga inda yake zuwa. Na ga masu lambu sun kafa injin ban-ruwa a bakin rafin suna shayar da latas da kabeji. Na tuna muna yara a Fagge, in damina ta sauka, mukan kamo 'ya'yan kwaɗi da ƙananan kifaye a gwangwani a irin wuraren nan. Na tsuguna na duba ruwan da kyau yadda kika koya mini, ban ga abin da ke tsalle ba. Ban ce mu muka kashe su ba, wannan aikinki ne ki gano, ni ido kawai gare ni. Amma na daɗe a tsugune kafin in tashi.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba, don na ce da Innarki kada ta faɗa miki sai kin tafi. Da ta kawo mini maganarki, na ga in na yi shiru, ke za ki rufe gaskiya don ki kare ni, ni kuma in miƙe ƙafa a inuwar abin da 'yata ta rufe. Ban iya ba. A taron 'yan layinmu na Asabar ɗin da ta wuce, bayan an gama maganar masu gadi da kwasar shara, na miƙe na ce ina da magana. Na faɗa musu abin da na gani a madubi. Na ce 'yata ce ta yi binciken, za a buga shi, kuma sunan layinmu zai fito a ciki da yardata. Na ce ni daga bana na daina zubarwa. Zan kankare takardar kowace kwalba yadda ba mai iya sake sayar da ita, in tara a duro mai kwaɗo a cikin sito, in miƙa wa hukumar da ke da wurin ƙona irin waɗannan kaya.

Wuri ya kaure. Alhaji Sabo, wanda muka yi yaran shago tare, wanda muke cin abincin rana a kwano ɗaya tun kafin a haife ki, ya miƙe ya ce, "Bukar, hukuma na neman inda za ta kama mu, 'yarka za ta miƙa musu igiya, kai kuma kana yi mata tafi. Saboda ƙwari! Mu da muke zubarwa don mu kare 'ya'yan mutane, mu za a buga a takarda, masu goge kwanan wata suna gefe suna mana dariya." Ban ce ya yi ƙarya ba, don akwai gaskiya a maganarsa. Wani ya ce duron ai ɓarayi za su fasa, mu koma gidan jiya. Shi ma da tasa gaskiyar.

Oga Chukwudi ya bari sai da hayaniya ta lafa. Ya gyara zama ya ce, "Ni dai yarinyar nan a gabana ta girma, ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ko ta biskit. Bukar, in za ka sayi duronka ka sayo biyu. Kwaɗon kuma ni zan kawo, don naka na san shi, da cokali ake buɗewa." Masu dariya suka yi dariya. Mutum kaɗan suka biyo mu. Mafi yawa suka ce za su duba, ke kuma kin san ma'anar wannan a kasuwa.

Ki dubi mutumin nan da kyau, Uwata. Ba yarenmu ɗaya ba, ba addininmu ɗaya ba, shi ranar Lahadi yake rufe shago ni ranar Juma'a nake tafiya masallaci in bar masa nawa. A garin da kika je ke ce baƙuwa. Kada ki tsaya neman mai jin Hausa kafin ki yi maƙwabci, ki duba wanda zai buɗe baki ranar da kowa ya yi shiru.

Alhaji Sabo kuwa tun ranar bai zo cin abinci ba. In na yi masa sallama yana amsawa, amma idonsa na kan wayarsa. Matar da ke kawo mana abinci har yanzu na mutum biyu take zubowa, na kasa ce mata ta rage. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana yi mini ciwo, ciwo sosai. Amma ban yarda ki ƙullace shi ba. Tsoro ne ya sa shi magana, iyali gare shi kamar kowa. In kin zo hutu ki je ki durƙusa ki gaishe shi yadda kika saba, ko ya amsa da hanci.

Sauran nasihar kuwa, Innarki ta riga ta cika miki kunne da ita, ba sai na maimaita ba. Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga ɗakin gwaji don na san ki da mantuwa, ki kira Innarki ko ba labari. In jikinki ya yi zafi ki je a duba ki, kada ki ce ke 'yar mai magani ce ki haɗa wa kanki.

To kin gani. Abin da kike tsoron ya same ni ya riga ya same ni, ga ni kuma ina cin tuwona, ina buɗe shagona da safe. In kika ɓoye sunan yanzu ba ki kare ni daga komai ba. Kin dai sa na rasa Sabo a banza, kin kuma sa duk wanda zai zo gyara ya rasa inda zai fara. Ki rubuta wurin yadda yake. Ki rubuta dalilin da ya sa muke zubarwa, ki rubuta cewa ba mu kaɗai ba ne, ki rubuta abin da ya sami halittun nan, ba ƙari ba ragi. Sannan a saman takardar ki sa sunanki cikakke, Falmata Bukar. Kada ki taƙaita nawa ya koma harafi ɗaya da ɗigo yadda 'yan boko ke yi. Ina so duk wanda ya karanta a layinmu ya san 'yar wa ce ta rubuta.

Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗe miki ƙirji, Ya sa ki fi mu sani, ki fi mu tsoronSa. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga ciwo da mugun aboki, Ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe wa tsohonki. Wassalamu alaikum.

Mahaifinki mai alfahari da ke,
Bukar.